KASUWAR FILAYE DA GIDAJE A MARAƊI: ABIN DA FALKE ZAI DUBA KAFIN YA ƘIRGA KUƊI

Duk wanda ya daɗe cikin fataucin shanu ya san akwai lokacin da 'yar riba kan taru a hannu, har mutum ya fara tunanin inda zai ajiye ta. Wani ya ƙara garke, wani ya biya kujerar Makka, amma da yawa daga cikin 'yan'uwanmu ƙasa suke nufa, wato a sayi fili a kewaye, ko a sayi gida a zuba 'yan haya. Ba wanda zai ga laifinsu. Wanda ya ga farin 1973 da 1974, ya kuma ga na 1984, lokacin da aka riƙa sayar da saniya a kan kuɗin da bai kai na buhun hatsi ba, ya san dukiyar da ke tafiya da ƙafa huɗu tana iya ƙarewa cikin rani guda. Fili kuwa ba ya cin dusa, ciwo ba ya kama shi, ɓarawo ba ya kora shi cikin dare.

To amma jama'a, kowace kasuwa da nata ilmi. Mutumin da zai dubi sa daga nesa ya faɗi shekarunsa da yawan namansa, shi ne za ka tarar an kai shi bayan gari an nuna masa wani sarari da yatsa, ya ƙirga miliyoyi ya bayar, ba tare da ya yi rabin binciken da yake yi a tike ba. A wannan fitowa mun ɗauki birnin Maraɗi, inda yawancinmu kan sauka a kan hanyar Ɗan Isa da Jibiya, mu duba yadda kasuwar filaye take tafiya, da abin da mai saye da mai sayarwa ya kamata su kiyaye.

ABIN DA KE ƊAGA FARASHI

Na farko dai yawan jama'a ne. Ƙidayar 2001 ta samu kimanin mutum 148,000 a cikin birnin Maraɗi, ta 2012 kuma ta samu kimanin 267,000. Wato cikin shekara 11 kawai garin ya kusan ninka kansa. Mutane suna ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaruwa. Tsofaffin unguwanni irin su Bagalam, Mokoyo, Limanci, Maradawa da Ɗan Gulbi sun cika tuntuni, sai gari ya bazu zuwa Zariya da Ali Ɗan Tsoho, har ya fara shiga gonakin da ke kan iyaka da Tsibiri da Jiratawa. Buɗe jami'a a 2010 ya kawo ɗalibai da malamai masu neman ɗakin haya. Daga 2019 kuma dubban mutane daga jihohin Zamfara, Sakkwato da Katsina sun tsallako jihar Maraɗi suna gudun 'yan bindiga, su ma wurin kwana suke nema.

Na biyu shi ne kuɗi kansa. Manyanmu ba su manta da 12 ga Janairu 1994 ba, ranar da aka karya darajar sefa da rabi. Wanda ya kwana da kuɗinsa cikin akwati ya wayi gari rabin ƙarfinsu ya tafi a kan duk kayan da ake shigowa da su daga waje, wanda ya riga ya gina gidansa kuwa bai rasa bulo ko ɗaya ba. Wannan darasi ya zauna a zukatan 'yan kasuwa. Sai kuma ga naira: a watan Yuni 2023 aka sake ta ta nemi farashinta a kasuwa, dala ɗaya ta Amurka da ake canzawa wajen naira 460 a banki ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Mu da muke sayen shanu da sefa mu sayar da naira, mun fi kowa sanin abin da wannan ya yi wa aljihu. Shi ya sa duk wanda ya samu ya juya kuɗinsa zuwa sefa yake gaggawar binne su cikin ƙasa.

Na uku shi ne iyaka. Arzikin Maraɗi a kan hanyar Nijeriya yake rataye. An rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Duk lokacin da haka ta faru kuɗi kan ƙafe a gari, masu bashi su matsa, sai ka ga filaye sun fito kasuwa da yawa masu saye kuwa kaɗan. Idan hanya ta buɗe abin ya juya. Saboda haka farashin fili a Maraɗi yana bin kasuwar da mu kanmu muke ci. Ranar da kake cikin matsi kana son ka sayar, a ranar ne sauran masu kuɗin garin su ma suke cikin matsi. A riƙe wannan da kyau, za mu komo kansa.

Akwai kuma zancen jirgin ƙasa. Tun da aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a Fabrairu 2021, mai tsawon kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, dillalai suka samu abin faɗi. Kowane sarari aka nuna maka sai ka ji, "Alhaji, nan kusa tasha za ta zauna." Kada ka biya kuɗin tashar da ba ka gani ba. Ka biya kuɗin filin kamar yadda yake a ranar da ka tsaya a kansa.

TAKARDA: ITA CE HAƘORAN FILI

Ba mai sayen sa bai buɗe bakinsa ba. A fili, takarda ce baki. Kuma takardun nan hawa-hawa ne, ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Ta ƙasa ita ce takardar shaidar ciniki ko ta mallakar gargajiya, wadda mai gari ko hakimi kan sa wa hannu. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya, ta kuma kafa hukumomin kula da filaye da ake kira Kofo, tun daga ƙauye har zuwa gunduma. Wannan takarda tana da amfani a kan gona. Amma a sani, gona gona ce ko da tana jingine da gari. Ranar da hukuma ta zo yanka wurin, za a fitar da tituna da filin makaranta da na kasuwa daga ciki, abin da ya rage wa mai gona wani kaso ne kawai. Wanda ya sayi "fili huɗu" cikin gonar da ba a yanka ba, bai san ko titi ne zai bi ta tsakiyar ɗakinsa ba.

Ta tsakiya ita ce takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa bayan an yanka unguwa, wadda ake kira akt-da-sesiyo. Ita ce a hannun yawancin mutane. Tana ɗauke da sunan unguwar da aka yanka, da lambar ilo, da harafin parsel, da faɗin wurin. A nan ne aka fi cin mutane, domin ana samun ta jabu, ana kuma samun fili guda da takarda biyu ko uku. Dalilin ba a ɓoye yake ba: yankan filaye ya daɗe yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗi na ma'aikatun magajin gari, har ma a farkon shekarun 2000 gwamnati ta biya ma'aikata bashin albashi da filaye. Takardu sun yawaita, sun yi ta canza hannu ba tare da an canza suna a rajista ba. Hukumomin ma suna canzawa, ko a Afrilu 2024 an rushe majalisun gundumomi aka naɗa kantomomi. Mai sa hannu yana tafiya, rajista ce take zama. Saboda haka rajistar za ka je ka gani.

Ta sama ita ce titir fonsiye, wadda ofishin rajistar filaye na gwamnati ke bayarwa bayan an auna, an kafa turakun iyaka, an yi shela ko akwai mai ja. Tsarinta ya samo asali tun dokar Turawa ta 1932, kuma idan ta fita magana ta ƙare. Ita ce banki ya fi yarda da ita a jingina. A 2006 an fito da wata hanya mai sauƙi da rangwame ta samun ta, aka sa mata suna Sheda. Wanda ke da gida mai daraja ya bar shi a kan takardar magajin gari kawai, ya yi kamar wanda ya tara garke bai yi masa shaida ba.

Ga abin da za ka yi kafin kuɗi su bar hannunka. Ka karɓi hoton takardar, ka je da ƙafarka ofishin filaye na magajin gari, a buɗe rajista a gabanka, a ga sunan wa ke kan wannan ilo da wannan parsel. Idan sunan da ke rajista ba na mai sayarwa ba ne, a kawo takardun duk cinikin da aka yi a tsakani, ɗaya bayan ɗaya. Idan wani kamfani ko wani attajiri ne ya yanka unguwar, ka nemi a nuna maka izinin ma'aikatar ministan tsara birane. Sa'an nan ka ɗauki ma'aikacin awon fili, naka na kanka ba na dillali ba, ya je ya nuna maka turakun nan huɗu. An sha samun mutum da takarda ta gaskiya ya yi gini a kan filin maƙwabcinsa. Bayan ciniki kuma kada ka ce sai ka dawo daga Legas, ka tsaya a juya sunan zuwa naka. Ka kuma karanta sharaɗin da ke cikin takardar game da wa'adin gini, domin filin da aka bari shekara da shekaru babu ko katanga shi ne abincin macuta.

Akwai wuraren da ko da takarda bai kamata a taɓa ba. Mu ne ya fi kamata mu san wannan, domin dokar makiyaya ta 20 ga Mayu 2010 ta sa burtali da makiyaya da mashaya cikin dukiyar ƙasa, ba na sayarwa ba ne. Abin kunya ne a ce falken shanu ne ya toshe hanyar shanu da bulo, ga kuma hasara ranar da aka zo rushewa. Haka filin da aka ware domin makaranta ko asibiti ko itatuwa. A Yamai, dajin da aka fara dasawa a 1965 domin ya kewaye birnin an yi ta yanka shi ana sayarwa, kuma rigimar wurin ta ci mutane da yawa.

RUWA: A JE A GANI DA DAMINA

Tarihin Maraɗi kansa gargaɗi ne. Tsohon garin a cikin fadamar Gulbi yake, sai ambaliyar 1945 ta cinye shi, aka tashi aka hau tudu. Ruwa bai manta hanyarsa ba. A ƙarshen Agusta 2024 ruwan sama na yini guda ya kashe aƙalla mutum 15 a cikin birnin, ya rushe gidaje masu yawa. A wannan damina ce, farkon Satumba, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi, kuma mutanen da ambaliya ta shafa a faɗin Nijar sun haura miliyan ɗaya.

Dillali ya fi son ya kai ka fili a watan Maris, lokacin da ko'ina busasshe ne. Kai kuwa ka yi haƙuri har Agusta, ka je washegarin ruwa mai ƙarfi. Idan ba za ka iya jira ba, ka dubi katangun maƙwabta, ruwa yakan bar zanensa a jiki. Ka dubi ko akwai kwazazzabo kusa, domin a bakin tudun Maraɗi zaizayar ƙasa tana ci gaba kowace shekara. Ka tambayi tsofaffin wurin ko da can tafki ne ko ramin da aka ɗebi ƙasar gini aka cike da shara. Ka kuma tambayi mata da masu a-daidaita ko 'yan kabu-kabu, su ne suka san inda ba ya biyuwa da damina. Fili mai arha a cikin kwari, kuɗin cikon ƙasa da na harsashi za su mayar da shi mafi tsada a unguwar.

A haɗa da lissafin famfo da kuran. Turken lantarki nawa ne tsakaninka da na ƙarshe? Ina bututun ruwa ya tsaya? Abin da ya raba farashin fili biyu masu faɗi ɗaya, sau da yawa wannan ne.

GIDAN GADO

Gidajen da suka fi kyawun wuri, kusa da kasuwa da bakin gudron, yawancinsu na gado ne. A nan sai an yi taka-tsantsan. Babban ɗa ba shi ne magada ba, ɗaya ne daga cikinsu. Akwai matan mamaci masu tumuni, akwai 'ya'ya mata da ke aure a wani gari, akwai wanda ya tafi Gana ko Libiya shekara goma ba labari, akwai marayu ƙanana. Ɗaya daga cikinsu ya dawo ya ce bai sani ba, sai shari'a ta tashi. A fiƙihun Malikiyya ma wanda ke da tarayya cikin gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufa'a, wato ya biya kuɗin da ka biya ya karɓi rabon da aka sayar maka. Don haka ka nemi takardar kotu da ta lissafa magada, da takardar zaman iyali da ta nuna wanda aka wakilta, a kuma yi cinikin gaban noter. Kuɗin noter ba su kai kuɗin lauya na shekara biyar ba.

MATSALAR MATAFIYI

Mu ba mazauna ba ne. Yau Dakwaro, gobe Jibiya, jibi Legas. Wannan ya sa da yawa suke barin saye da gini a hannun ƙane ko yaron gida, har a rubuta takarda da sunansa "kafin Alhaji ya dawo". Mutuwa ba ta sallama. Idan ɗayanku ya faɗi, abin da ke rubuce shi kotu za ta duba, kuma zumunci da yawa ya mutu a kan wannan. Sunanka za a sa, ko kana Abidjan. Idan wakili za ka yi, a yi masa takardar wakilci da ta faɗi abin da zai yi da inda ya tsaya. Kuɗin gini kuma a riƙa sakin su mataki-mataki: harsashi, a gani, linta, a gani, rufi, a gani. Yanzu da waya take ɗaukar hoto babu uzuri.

Masu sha'awar saye a ɗaya gefen, Jibiya ko Katsina ko Kano, su sani doka ta bambanta. A Nijeriya dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Abin da mutum ke samu izinin zama ne na wa'adi, galibi shekara 99, kuma sayar da shi sai da amincewar gwamna. Kada a ɗauki ilmin Maraɗi a tafi da shi can.

GA MAI SAYARWA

Wanda ya shirya takardunsa shi ke yanka farashi. Kafin ka kira dillali ka biya bashin lanho da na ruwa da na kuran, ka tabbata sunanka ne a rajista. Ka ba dillali ɗaya ko biyu, kada ka watsa wa goma, domin gidan da kowa ke yawo da shi sai a ɗauka akwai aibu ko mai shi ya matsu. Ku yanke la'ada tun farko gaban shaidu, ka kuma nemi a haɗa ka da mai saye ido da ido. In ba haka ba sai ka sayar miliyan 8 alhali mai saye ya biya 10. Idan akwai 'yan haya, ka sanar da su da wuri cikin mutunci. A rubuta da wane kuɗi aka yi ciniki, sefa ko naira, musamman idan biyan kashi-kashi ne. Kada asalin takarda ya bar hannunka sai kuɗi sun cika, kuma a biya ta banki ko gaban noter ya fi a shigo da buhun kuɗi cikin gida. Idan da hali kada ka sayar lokacin da iyaka take rufe ko ana tsakiyar bazara hannun kowa ya bushe.

KADA A BINNE UWAR KUƊI

Mun ce za mu komo kan wannan, kuma shi ne mafi muhimmanci. Sa idan ka matsu ka kai shi kasuwa da safe, kafin la'asar kuɗi suna aljihu. Gida yana iya yin wata shida ba a taya ba. A yi lissafi: a ce ka kashe miliyan 12 a kan gida, ana ba ka hayar jika 50 a wata. A shekara jika 600 ke nan, wato sai shekara 20 kafin kuɗinka su dawo, ban da gyara da watannin da ɗaki ya zauna ba kowa. Waɗannan miliyan 12 a cikin shanu kuwa sau nawa za su juya a shekara? Ko da gwamnati ta rage farashin siminti a Oktoba 2024 bayan ambaliya, gini bai daina cin kuɗi fiye da yadda magini ya faɗa da farko ba. Kangayen da ke tsaye a sababbin unguwanni, an kai linta an tsaya, da yawansu jarin wani ne ya maƙale a ciki.

Saboda haka riba ce ake kaiwa ƙasa, jari ya zauna a tike. Gidan da iyali za su zauna shi ne farko, wannan ba a yi masa lissafin riba. Bayan shi, a saya da abin da za a iya mantawa da shi shekara biyar ba tare da mota ta tsaya ba. A duba rajista, a duba ruwa, a duba magada, a sa suna. Dillali zai ce maka, "Alhaji, akwai wani yana zuwa da kuɗi gobe." Mu ma mun san wannan magana, a kasuwarmu aka haife ta. Ka ce masa Allah ya ba mai rabo, ka ci gaba da bincikenka.

Allah ya sa albarka cikin nema, ya tsare mu da dukiyar rigima, ya kai kowa gida lafiya.